Mai Gadin Maƙogwaro



Kafin mu shiga magana, ina roƙon kowa ya ɗora yatsu biyu a kan zakaran wuyansa, a hankali, ban da dannawa. To, a haɗiye yawu. Kun ji ya yi sama ya dawo? A ɗan wannan lokacin numfashinku ya tsaya cak, ƙofar hanci ta baya ta rufe, hanyar iska ta toshe, hanyar abinci ta buɗe. Ku dai kun yi niyyar haɗiya kawai. Sauran aikin wani ne ya ƙarasa muku shi, kuma haka yake yi sau ɗaruruwa kullum, har cikin barci. Yau a kan ɗaya daga cikin masu wannan aiki za mu yi magana, kuma dalilina shi ne abin da nake gani a ɗakunan jinya da tsakar gidajenmu: mutum ya kasa haɗiya, sai masu ƙaunarsa su ɗauko cokali.

Wannan mai aiki jijiya ce. Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, jijiya, amma abubuwa uku take nufi. Akwai wadda ma'aikaciyar jinya ke lalube a hannu za ta ɗibi jini. Akwai irin agara, mai ɗaure tsoka da ƙashi. Sai ta uku, farar igiya siririya wadda ba jini a cikinta, saƙo take ɗauka tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, kamar wayar lantarki. Irin wannan ta ukun, yawancinsu daga laka suke fitowa, amma akwai tagwaye goma sha biyu da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowace da ta dama da ta hagu. Wani masanin jikin ɗan Adam Bajamushe, Samuel Sömmerring, shi ya jera su goma sha biyu a shekarar 1778, kuma lissafinsa ɗaliban likitanci ke haddacewa har yau. Tamu ita ce ta tara. Likitoci suna ce mata gilosofarinjiyal, kalmomi biyu na Girkanci da aka haɗa, ɗaya harshe, ɗaya maƙogwaro. Mu sai mu ce mata jijiya ta tara, ko jijiyar harshe da maƙogwaro.

Daga can ƙasan ƙwaƙwalwa take tasowa, daidai inda ƙwaƙwalwa ke shirin zama laka, wurin da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. Tana fita daga ƙoƙon kai ta wata kafa a ƙasansa, can ciki bayan kunne, kuma ba ita kaɗai ba: ta goma da ta goma sha ɗaya duk ta nan suke bi, tare da babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai. Ku riƙe wannan, domin maƙwabtakar tana da muhimmanci. Da wuya a ga ta tara ta lalace ita kaɗai. Ƙari ko karayar ƙashi a wannan kafa yakan taɓa su ukun ne gaba ɗaya, sai a ga mutum ya kasa haɗiya, muryarsa ta dushe, kafaɗarsa ɗaya ta saki. Daga nan sai ta gangaro cikin wuya, ta ratsa tsakanin manyan jijiyoyin jini, ta zagayo wata 'yar tsoka mai ɗaga maƙogwaro, wadda ita kaɗai ce tsokar da take motsawa a duk jiki, ta wuce dab da tushen tonsil, wato tsokokin nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, ta ƙare a gindin harshe.

Ga ta 'yar ƙarama, amma hannunta ya kai wurare da yawa. Kashi ɗaya cikin uku na harshe, na baya, ita ke jin ɗanɗanonsa da taɓawarsa. Ɗacin shuwaka da ke maƙale wa mutum a maƙoshi bayan ya haɗiye, ita ta kai labarinsa. Wasu sukan leƙa madubi su hango wasu ƙuraje-ƙuraje a jere can bayan harshe, kamar takwas zuwa goma sha biyu, su tsorata su ce cuta ce. Halitta ce, kowa yana da su, gidajen ɗanɗano ne, kuma ita ke lura da su. Sai yawu. Ku tuna tsamiya ko lemon tsami yanzu, ku ji yadda kumatu ke tsinkewa. Babbar ma'ajiyar yawun da ke gaban kunne, wadda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, daga jijiya ta tara take karɓar umarni. Abin mamaki, umarnin ta cikin kunne yake bi kafin ya iso. Shi ya sa wasu da aka yi wa tiyata a wannan ma'ajiya, idan zaruruwan jijiyar suka sake tsirowa suka ɓace hanya suka shiga fata, sai ka ga suna cin abinci kuncinsu ɗaya yana gumi. Wata likita 'yar ƙasar Foland, Łucja Frey, ita ta bayyana dalilin haka a 1923.

Tunda mun shiga kunne, bari mu ɗan zauna a ciki. Reshen da ke shiga bayan dodon kunne sunan wani likita ɗan ƙasar Denmak aka sa masa, Ludwig Jacobson. Wannan reshe shi ke jin abin da ke faruwa a tsakiyar kunne, alhali 'yan'uwansa suna jin abin da ke faruwa a tonsil da gindin harshe, kuma duk tasha ɗaya suke sauke saƙo a ƙwaƙwalwa. Wani lokaci ƙwaƙwalwa takan rikice, ciwo yana maƙogwaro ta ce a kunne yake. Uwa ta ga ɗanta yana riƙe kunne yana kuka, sai ta ɗiga masa man ja, ko ruwan albasa, ko maganin ɗigawa daga kemis, kwana uku ba sauƙi. Da an ce yaron ya buɗe baki an haska fitila, da an ga tonsil ɗinsa ja jawur. An bar jaki ana dukan taiki. Haka wanda aka cire wa tonsil a asibiti, yakan yi kwanaki yana kukan kunne, kuma kunnen lafiyarsa lau.

A wurin yaro, yawanci abin mai sauƙi ne. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne babban mutum. Magidanci ya yi makonni yana fama da ciwon kunne ɗaya, an duba kunnen an ce ba komai, ya koma gida ya ci gaba da ɗige-ɗige. Idan tare da wannan ciwon yana jin wani abu ya tokare masa maƙogwaro, ko haɗiya ta fara wuya, ko murya ta canza, ko wani ƙululu ya fito a wuya, musamman idan mai shan sigari ne ko barasa, to lallai a leƙa masa maƙogwaro da na'ura. Sankarar gindin harshe da ta tonsil sau da yawa da ciwon kunne take fara sallama. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ne mai wannan aiki. Ana samunsa a asibitocin koyarwa, kuma a Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Ba cewa na yi duk mai ciwon kunne yana da sankara ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi kunnen da ya ƙi jin magani, kuma aka duba ba a ga komai a cikinsa ba, maƙwabcinsa ya kamata a tuhuma.

Akwai kuma ranar da jijiyar kanta ke yin tawaye. Cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba, amma wanda ya gamu da ita ya san azaba. Zafi ne kamar an soka wuƙa ko an jona lantarki, gefe ɗaya na maƙogwaro, ya harba zuwa kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi. Daƙiƙu kaɗan yake yi, iyakarsa minti biyu, ya tafi, ya dawo. Abin da ke tsokano shi kuwa abin da ba a rayuwa sai da shi ne: haɗiya, magana, tari, hamma, kurɓar ruwan sanyi. Sai mutum ya koma tsoron abinci, ya rame, ya yi shiru a gida, a fara cewa jifa ne ko sammu. Wani likitan Amurka mai suna Weisenburg ya bayyana irin wannan ciwo a 1910, sannan Wilfred Harris na Landan ya raɗa masa suna a 1921. Sau da yawa sanadin wata jijiyar jini ce da ta kwanta a kan jijiya ta tara daidai inda ta fito daga ƙwaƙwalwa, tana bugunta da kowane bugun zuciya har rigar jijiyar ta goge. Wani lokaci kuma wani siririn ƙashi ne da ke saukowa daga ƙasan kunne ya yi tsawo fiye da kima yana tsikararta, abin da likita Watt Eagle ya rubuta a 1937. Farasitamol ba ya taɓa wannan zafi. Maganin da ke aiki irin na farfaɗiya ne, kamar kabamazafin, kuma kada wanda ya saya da kansa, domin yana iya sa fatar wasu ta saɓule. Idan magani ya gaza, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sukan shiga ta bayan kunne su ɗaga jijiyar jinin, su sa ɗan matashi a tsakani.

Kaɗan daga cikin masu wannan ciwo, idan zafin ya taso sai su yanke jiki su faɗi. Me ya haɗa maƙogwaro da suma? A nan ne wani reshe na jijiya ta tara ya shigo, wanda a ganina shi ne mafi ban al'ajabi. A gefen wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi, inda kuke jin bugun jini, babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta rabu biyu. A wannan mararraba Allah ya ajiye ma'auni biyu. Ɗaya yana auna ƙarfin bugun jini. Ɗayan, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana ɗanɗana jinin ya ji ko iskar da ke ciki ta isa. Jijiya ta tara ke ɗaukar rahotonsu. Idan ta ce jini ya hau, sai ta goma ta sauko ta ce wa zuciya ta sassauta. Idan ta ce iska ta yi ƙaranci, sai numfashi ya ƙaru. Heinrich Hering a Jamus ya gano aikin ma'aunin farko a shekarun 1920, Corneille Heymans na ƙasar Beljiyam kuma ya karɓi kyautar Nobel ta 1938 saboda gano yadda wannan wuri ke sarrafa numfashi. To, ma'aunin farkon nan ba ya bambanta hawan jini da dannawar hannu. Idan aka matsa wurin, rahoton ƙarya zai aika, zuciya ta rage gudu, mutum ya ga jiri. Akwai dattawan da wurin ya yi musu kaifin ji, har matsattsen wuyan riga, ko waiwaye da sauri, ko gyaran gemu ya kayar da su. Don haka mai yi wa tsoho tausa ya nisanci gefen wuya, yara masu wasan shaƙe juna kuma a tsawata musu da gaske.

Yanzu mu dawo inda muka fara. Haɗiya aiki ne na mai gadi da mai rufe ƙofa. Jijiya ta tara ce mai gadin: ita ke jin loma ko kurɓi ya iso bakin maƙogwaro, ta sanar. Ta goma ce ke jan yawancin tsokokin da ke rufe hanci da hanyar iska. Idan likita ya danna harshe da ɗan itace ya taɓa can ciki mutum ya yi yunƙurin amai, su biyun yake gwadawa, ɗaya ta ji, ɗaya ta amsa. Gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin akwai masu cikakkiyar lafiya da ba sa yin yunƙurin ko kaɗan. Amma idan mai gadin ya yi barci, ko tashar da yake kai wa rahoto ta lalace, ruwa zai iso ya tarar da hanyar huhu a buɗe.

Wannan shi ke faruwa ga mutane da yawa da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki. A kwanakin farko kusan rabinsu haɗiyarsu takan samu matsala, ko da jijiyar kanta lafiyarta ƙalau, saboda ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke tsara aikin ne ya taɓu. Duk mun san yadda ɗakin yake kasancewa. Baba yana kwance, bakinsa ya karkace, 'ya'ya da jikoki sun kewaye shi. Wata ta ce tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. A dama kunu, a tallabo kansa kaɗan, a fara ɗura masa. Ya yi tari, a ce sannu Baba, a shafa masa ƙirji, a ƙara wani cokalin. Wani ya kawo rubutu, wani ya kawo zamzam, wani ya kawo jiƙo, kowa da kyakkyawar niyya. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama-sama, ƙirji yana ƙara. Sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Alhali kunun ne ya sauka a huhu, galibi na dama, domin bututunsa ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa, ya tafi da ƙwayoyin cutar baki, ya zama ciwon huhu. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki bayan sun tsallake ranakun farko.

Mafi hatsari ma shi ne wanda ba ya tarin. Tari alama ce cewa maƙogwaro yana ji. Wanda jin ya ɗauke masa gaba ɗaya, ruwa zai bi masa ta hanyar iska shiru, masu jinya suna murna ya sha. Sai dai a lura da muryarsa bayan kurɓi, idan ta koma kamar mai magana ta cikin ruwa, ko yawu yana dalala, ko abinci yana taruwa a kunci ɗaya, ko idonsa yana kawo hawaye.

Na san irin faɗan da ake yi da ma'aikatan jinya idan suka ce kada a ba maras lafiya komai ta baki, ko suka ce za a sa masa roba ta hanci. Wasu suna ɗaukar robar nan alamar an sallama mutum, wasu su faki ido da dare su ba shi shayi. Ina roƙonku don Allah ku sauya tunani. Robar gada ce da ke tsallakar da abinci da magani zuwa ciki har mai gadin ya farka, kuma mafi yawan masu shanyewar jiki haɗiyarsu takan dawo cikin makonni. Shi kansa kunun da kuka dama, idan ma'aikata suka yarda, a tace a bi da shi ta robar. Ranar da aka ce a fara gwadawa ta baki, a zaunar da shi tsaye sosai, yana farke tangaran, ƙaramin cokali, ba gaggawa, ba a sa shi hira yana ci, kuma kada a kwantar da shi sai bayan kamar rabin awa. Abin da mutane ba su sani ba, tsinkakken ruwa ya fi saurin ƙware mutum a kan abu mai ɗan kauri, saboda yana riga ƙofa rufewa. A riƙa wanke masa baki safe da yamma, ko ba ya cin komai. Wanda kuwa ya suma, ko yake cikin farfaɗiya, ko barci ya yi masa nauyi, babba ne ko jariri, ba a zuba masa ko ɗigo.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin dalilin sanin wannan magana, wato mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 cutar ta sake ɓarkewa a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, ta kuma taɓa jihar Damagaram a Nijar. Kowa ya san farkonta: zazzaɓi, kumburin wuya, da wata fata mai ruwan toka da ke shimfiɗuwa a maƙogwaro. Abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba shi ne ƙwayar cutar tana fitar da dafi, dafin kuma yana bin jijiyoyi, yana farawa da na kusa da shi, wato ta tara da ta goma. Yaro ya warke, an sallamo shi, ana ta barka. Bayan mako biyu ko uku sai ya fara magana ta hanci, ya sha ruwa ya dawo masa ta hanci, ya riƙa ƙwarewa. Daga baya gani na iya dushewa, ƙafafu su yi sanyi, wani har tsokar numfashi ta raunana, kuma dafin yana taɓa zuciya. Abin farin ciki, idan aka kula da yaron ya tsallake wannan lokaci, jijiyoyin sukan warke sarai. Allurar da ke hana duk wannan tana nan kyauta a asibitin sha-ka-tafi, ita ce Penta da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14.

A daidai irin wannan lokaci ne kuma ake cewa beli ne ya sauko, a kira wanzami. Ina girmama wanzamai da matsayinsu a cikinmu, amma a nan gaskiya ɗaya ce. Beli ba ya hana haɗiya, yana cikin masu taya rufe ƙofar hanci ne. Likita ma shi yake kallo idan ya ce maka ka ce “aaa”: ya tashi a tsakiya, ko ya karkata gefe ɗaya, wanda ke nuna ɗaya ɓangaren ya raunana. Yaron da maƙogwaronsa ya riga ya daina ji, a sa masa aska a wurin, jinin da zai zuba ba shi da hanyar da ta fi masa sauƙi irin ta huhu, ga hatsarin zubar jini da shigar wata cutar a kan wadda ake fama da ita.

Saboda haka, iya, idan ɗanki ya tashi daga ciwon wuya, kika miƙa masa kofi kika ga ruwan ya biyo ta hancinsa, ajiye kofin, ki goya shi ki koma asibitin da aka sallame ku a ranar, ki gaya musu yaushe aka fara ciwon wuyan da kuma yaushe muryarsa ta canza.